Daga Yokohama zuwa Nagasaki, bin sawun tsofaffin hotuna

Jirginmu ya ɗaga daga Kano da rana tsaka, muka yada zango a Adis Ababa, daga nan sai doguwar tafiyar da ke sa mutum ya manta ranar da yake ciki. Mun ɗan tsaya a Incheon ta Koriya ta Kudu, aka sauke wasu aka ɗebi wasu, sannan muka dira a filin jirgin Narita da dare. Agogon Japan yana gaban namu da awa 8, don haka lokacin da jikina ke neman makwanci, mutanen gari suna karya kumallo. Taro ne ya kai ni Tokiyo kan adana tsofaffin takardu. An yi jawabai, an sha shayi, an yi musayar kati da hannu bibbiyu ana rusunawa, aka watse. Abin da ya fi zama a raina ya zo ne bayan taron.

Wani abokin zama a taron ne ya ce kada in bar Tokiyo ban leƙa Jimbocho ba, unguwar masu sayar da tsofaffin littattafai. Yawancin shagunan babban titinta arewa suke kallo, don kada rana ta ci bangon littattafan da aka baje a ƙofa. Na hau wani siririn bene na tarar da dattijo shi kaɗai a cikin akwatunan katunan gidan waya, kowane gari da akwatinsa. A bayansa an rataye wani hoto cikin baƙin firam mara ado. Teku ne shimfiɗe lumui, ba ko igiyar ruwa, manyan jirage can nesa da gaɓa, ƙananan kwale-kwale a bakin ganuwar duwatsu, sama kuma an ɗan shafa mata shuɗi. A ƙasansa an rubuta Yokohama da baƙaƙen Turanci, da wata lamba.

Wayata ce ta yi mana tafinta. Na ce, "Baba, wannan na sayarwa ne?" Ya ce na bangon kwafi ne, yen 2,000. Sannan ya wanke hannu, ya jawo wani faffaɗan akwati, ya fito da na asalin a cikin farar takarda, ya ce wannan yen 30,000. A lokacin yen ɗaya tana kusan naira 10, ka ga lissafin ba ya buƙatar alƙalami. Na ɗan yi jim irin na mai shirin tayi, shi ma ya yi jim yana kallona. Da a kasuwar Kurmi ne, da yanzu an ce "albarka", an ce "ƙara dai", an yi rantsuwa biyu uku. A nan farashin da ke rubuce shi ne farashi, kuma taya kaya kusan rashin ladabi ne. Maimakon ragi sai ya kawo mini koren shayi mara sukari, ya zaunar da ni ya koya mini abin da ya fi ragin daraja.

Takardar hoton asali siririya ce ƙwarai, shi ya sa ake manna ta a kwali. Da farin ƙwai ake shafe fuskarta kafin a sa mata magani, a ɗora farantin gilashin da aka ɗauki hoton da shi, a shanya a rana har surar ta fito. Launin kuwa ba na kyamara ba ne, mutum ne ya zauna da burushi ya sa shi. Ya miƙo mini gilashin ƙara girma: a kwafin sai ga ɗige-ɗigen injin ɗab'i, a na asalin kuwa har inda burushi ya ɗan zarce layin rufin wani gida ana gani. Ya ce in na saya kada in kuskura in rataye shi, haske zai mai da shi rawaya ya cinye launin. Na asali a akwati yake zama, kwafi ake ba bango. Na ɗauki kwafin da wasu tsofaffin katuna na yen 800 zuwa 1,500. Ya raka ni har bakin benen, yana ta rusunawa kamar na sayi shagon. Ina sauka na yanke shawarar in je in tsaya a wuraren da masu hoton nan suka tsaya.

Daga Tokiyo zuwa Yokohama bai kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa, kuɗinsa wajen yen 500. Na sauka a Sakuragicho, inda layin dogo na farko a Japan ya tsaya a 1872, kusan shekara 40 kafin dogo ya iso Kano. Ɗakin da na kama yen 9,000 ne a dare, kuma sai na ɗora akwatina a kan gado kafin sallaya ta sami wurin shimfiɗawa. Amma tsaf yake, ga silifa, ga rigar barci a ninke, banɗakin kuma yana da famfon tsarki a jikinsa, har butar da na ɗauko daga gida ta zama kayan nauyi. Abinci ne wahala. Naman alade da giyar girki suna shiga abubuwan da ba ka zata ba. Na zama ɗan gida a kantunan nan da ba sa rufewa, ina sayen dunƙulen shinkafa mai kifi a ciki naɗe da busasshen ganyen teku, ɗaya bai kai yen 200 ba, da dafaffen ƙwai da ayaba. Ayaba ɗaya tak a leda, da farashinta a jiki, ta ba ni dariya.

Kafin 1859 Yokohama ƙauyen masunta ne. Japan ta yi sama da shekara 200 ƙofarta a rufe, sai a 1853 Matthew Perry ya zo da jiragen yaƙin Amurka ya nemi a buɗe. A 1854 aka sa hannu kan yarjejeniya a bakin wannan gaɓa, wata ta biyo baya a 1858, a shekarar da ta biyo kuma tasha ta buɗe ga baƙi. Siliki da ganyen shayi suka riƙa fita, Turawa suka riƙa shigowa, a cikinsu har da masu kyamara. Wanda ya fi suna shi ne Felice Beato, da ya iso a 1863 bayan ya ɗauki hotunan yaƙi a Indiya da Sin. Mutum ne da ƙafarsa ba ta zama: a wajen 1885 yana Sudan tare da rundunar Ingila da aka tura ceto Gordon a Khartum zamanin Mahadi. Kusakabe Kimbei, wanda ya fara da sa wa hotunan Beato launi, ya buɗe nasa shagon a 1881 ya zama babban ɗan kasuwa. Matafiyi zai sauka daga jirgi, ya shiga shago, ya zaɓi lambobin da yake so, a haɗa masa albam mai bangon katako baƙi mai sheƙi, ya wuce da shi Landan ko Boston. Shi ya sa rubutun ƙasan hoton yake da Turanci. Tun ran farko don baƙo aka yi shi.

Na yi yini guda a gidan adana tarihin Yokohama, wanda ke tsohon ƙaramin ofishin jakadancin Ingila. A tsakar gidan akwai wata bishiya da gobarar 1866 ta ƙone, ta sake ƙonewa a 1923, kowane karo kuma ta tofo daga saiwa. Garin ma haka. Gobarar farko ta cinye shagon Beato da farantansa. Girgizar ƙasa ta 1 ga Satumba 1923 ta kashe sama da mutum 100,000 a yankin, ta mai da Yokohama toka. Bama-baman Amurka na 1945 suka ƙarasa abin da aka sake ginawa. Saboda haka da yawa daga cikin hotunan da ake nuna wa 'yan makaranta a yau, daga ƙasashen waje suka dawo, daga albam ɗin da jikokin matafiya suka fitar. Kayan tsaraba ne suka koma shaidar gari. Ina tsaye a wurin na tuna hotunan dalar gyaɗa da na tsofaffin ƙofofin Kano da ke jikin bangon Gidan Makama, na kuma tuna yawan irinsu da baƙi suka ɗauka suka tafi da su, suna can cikin akwatuna a Ingila. Bambancin da na gani shi ne, mutanen Yokohama sun bi sawun nasu da kuɗi da haƙuri, kuma kowane hoto sun yi ƙoƙarin gano wanda ya ɗauka, da shekarar, da tudun da ya tsaya.

Da yamma na fita da kwafina a hannu ina gwadawa. Lanƙwasasshiyar ganuwar duwatsun da ke cikin hoton an maido da ita a 2009, kuma daga kanta ana hango jajayen ɗakunan ajiya na tubali na 1911 da 1913, waɗanda yanzu shagunan ƙwalam da maƙulashe ne. A nan na gane dalilin da ya sa jiragen hoton suke nesa da gaɓa: kafin a gama babbar gadar Osanbashi a 1894, babban jirgi ba ya iya matsowa, sai kwale-kwale su yi ta jigila. To ina masu jigilar? Tashar da ke loda silikin ƙasa guda ba za ta zama fayau haka ba. Amsar tana cikin kyamarar zamanin. Sai an buɗe idonta na wasu daƙiƙu, duk abin da ke motsi sai ya narke ko ya ɓace. Igiyar ruwa ta baje, ɗan dako mai gudu da kaya a ka ya zama ɗan hazo-hazo a bakin ganuwa. Wanda ya zauna ya harɗe shi ke fitowa sarai. Natsuwar da ke sa mutane son rataya waɗannan hotuna a falo, aikin inji ne da ya share masu aiki. Ban ce a fasa ratayawa ba, amma ya kamata mai bango ya san haka. Ga gidajenmu kuwa, inda wasu ba sa son surar mai rai a jikin bango, sai abin ya zo daidai ba da niyyar kowa ba.

Na ƙarasa yammacin a lambun Yamashita, wanda aka cike teku da ɓaraguzan girgizar 1923 aka yi shi, aka buɗe a 1930. Jirgin Hikawa Maru yana ɗaure a gefensa, tsoho mai hutawa bayan zirga-zirgar Seattle.

Zuwa Kobe na hau jirgin nan mai gudun tsiya daga Shin-Yokohama, wajen yen 15,000, tafiyar awa biyu da rabi. Kuɗin ya yi mini ciwo, amma minti ɗaya bai makara ba. Dutsen Fuji ya leƙo ta tagar dama ya ɓuya. Ba mai waya da ƙarfi, ba mai talla, kowa ya buɗe akwatin abincinsa ya ci shiru ya tattara sharar ya sauka da ita. Na yi kewar gyaɗa da rake na tashar mota, in faɗi gaskiya.

Juma'a ce ta kai ni Kobe. Masallacinta, da 'yan kasuwar Indiya da Tatar da Turkawa suka gina a 1935, shi ne mafi tsufa a Japan. Bayan an idar ina neman takalmina sai na ji wani yana faɗa a waya da Hausa kan kwantena. Na yi masa sallama, ya katse wayar ya riƙe hannuna ya ƙi saki. "Ikon Allah! Malam, daga ina?" Mutumin Zangon Kumasi ne, ya daɗe a ƙasar yana tura injunan mota da kayan gyara zuwa Tema. Bai tambayi sunana ba sai da ya zaunar da ni a wani gidan abincin Fakistan kusa da masallacin, aka kawo shinkafa da naman rago. Na kai hannu aljihu ya ɓata rai. "Haba Malam, a garina? Ajiye kuɗinka." Naman shanun Kobe da duniya ke yabo kuwa, faranti ɗaya ya haura yen 10,000, mun gaishe shi daga nesa.

Da na nuna masa katunana ya yi dariya har da buga tebur. "Kai kana neman tashar da ta mutu, ni ta yanzu nake ci da ita." Ta yanzun tana can kan tsibiran da aka cike teku aka yi, kwantena kan kwantena. Amma shi ma yana da nasa tsohon hoton a waya: masallacin a 1945, tsaye shi kaɗai da hasumiyoyinsa, duk unguwar ta zama fili. Ya ce girgizar 17 ga Janairu 1995, da ta kashe sama da mutum 6,000, ita ma ba ta kayar da shi ba. Ya kai ni bakin ruwa a lambun Meriken, inda aka bar wani yanki na gaɓar yadda girgizar ta bar shi, kankare a tsage, fitilun titi a karkace cikin ruwa. Tashar Kobe ta buɗe ne ranar 1 ga Janairu 1868, kuma daga nan jirgin Kasato Maru ya tashi a 1908 da mutum 781 masu neman aikin gona a Birazil. Mutumin ya yi shiru da na faɗa masa, sannan ya ce, "Ashe su ma sun yi ci-rani."

Nagasaki tana can ƙuryar yamma. Jirgi ya bi ta ƙarƙashin teku ya shiga tsibirin Kyushu, na sauya a Hakata, na sake sauyawa a Takeo-Onsen zuwa sabon layin da aka buɗe a 2022. Garin a cikin kwari yake, ruwa ya kutso tsakanin duwatsu siriri, gidaje sun hau gangare har sama. Duk mai kyamara da ya zo nan tudu ya hau, shi ya sa hotunan Nagasaki suka fi na sauran kyau a bango: rufi a gaba, jirage a tsakiya, duwatsu a baya. Na sauka a wani ƙaramin masauki na wata dattijuwa, yen 6,000, shimfiɗa a ƙasa kan tabarma. Da ta fahimci ba na cin alade, ta hana ni taliyar garin mai suna champon, ta gasa mini kifi, ta ƙara da yankan kek ɗin castella da suka gada daga Turawan Fotugal. Da asuba ta ji motsina, washegari na tarar ta kawar da wani ɗan teburi daga kusurwar da nake fuskanta, ba tare da ta ce komai ba.

Ta nan kyamara ta shiga Japan. Duk tsawon shekarun rufe ƙofa, 'yan Holan kaɗai ne Turawan da aka bari, su ma an killace su tun 1641 a Dejima, ɗan tsibirin da aka gina da hannu, bai fi filin ƙwallo biyu ba. A 1848 wani ɗan kasuwar garin, Ueno Shunnojo, ya sayi na'urar ɗaukar hoto ta hannunsu. Ɗansa Ueno Hikoma ya karanci ilimin haɗa magunguna wurin wani likitan Holan, ya buɗe shagon hoto a bakin kogin Nakashima a 1862. Ana ba da labarin cewa da kansa yake haɗa magungunan wanki daga ƙashi da jinin shanu, warin ya addabi maƙwabta. Da farko ma mutane gudun kyamarar suke yi, wai tana rage kwana, irin abin da kakanninmu suka yi wa mai hoto a ƙauye. Ɗakin karatun Jami'ar Nagasaki yana da dubban hotunan wancan zamani, kuma an sa su a intanet.

Dejima ta daina zama tsibiri, cikon ƙasa ya haɗiye ta, taragon lantarki yana wucewa ta gefenta. In ba don tsofaffin hotuna da zane-zane ba, ba mai yarda ruwa ya taɓa kewaye ta. Daga nan na hau tudun gidan Thomas Glover, ɗan kasuwar Sikotilan, wanda aka gina a 1863. Na ɗaga katina na daidaita shi da duwatsun ƙetare, suka hau kan juna cif. Duk sauran ya sauya: inda jiragen iska suke, yanzu ma'aikatar ƙera jirage ta Mitsubishi ce da ƙaton injin ɗaga kaya na 1909. Bam ɗin 9 ga Agusta 1945 a kan Urakami ya fashe, arewa da nan, shi ya sa wannan ɓangaren ya tsira. Na je can ma. Hotunan da ke gidan tarihin wurin ba na ado ba ne, kuma ba mai sayen su don falo.

A wani shagon tsofaffin kaya a gangaren tudun na sami katin da ya fi duk abin da na saya. Lodin kwal ne. An ɗaura matakala a jikin wani ƙaton jirgi, mata da maza sun jeru a kai daga kwale-kwale har sama, kawunansu ɗaure da ƙyalle, suna miƙa wa juna ƙananan kwanduna hannu da hannu. Katin na farkon ƙarni na 20 ne, lokacin da kyamara ta yi saurin da za ta kama mai motsi, sai ga mutanen da na rasa a Yokohama sun cika takarda. Kusurwarsa ɗaya a karye, bayansa da tambarin gidan waya da rubutun wani Bature da ya dushe. Yen 2,500, na biya ban yi jim ba. Mai shagon ta naɗe shi cikin takarda har ninki uku, ta sa kwali gaba da baya, ta kuma ɗauki hotonsa ta buga mini babban kwafi a shagon maƙwabcinta kan yen 1,000.

Komawa ta bi hanyar zuwa, da dogon gwangwanin kwali a hammata wanda na hana kowa taɓawa har Kano. Na asalin suna cikin akwati, nesa da rana da ƙurar hunturu da laimar Agusta da gara. Kwafi biyu na kai wa mai firam a Sabon Gari. Ya baje su a tebur ya ce, "Alhaji, wannan Apapa ce ta da?" Na ce Japan ce. Ya jawo samfurin firam mai ruwan zinare da furanni, irin na hoton biki, ya kuma ɗauko reza zai yanke farin gefen da rubutun ƙasa don hoton ya cika gilashi. Na riƙe hannunsa. Na ce baƙin katako siriri nake so, a sa farin kwali tsakanin hoto da gilashi, sunan gari da lambar kuma a bar su a bayyane. Ya ce ai sai ya yi kamar ba a kashe masa kuɗi ba. Ya ce naira 18,000 kowane ɗaya, na ce 10,000, ya ce albarka, muka daidaita a 13,000, ya ce in dawo ranar Alhamis bayan La'asar.